Jitar da Ta Koma Kan Cinya

Ban kyauta wa kawuna ba, na sani. Jiya na tsinci guntun ƙarfen da yake kiɗa da shi, sai komai ya dawo mini.

Kawuna, Allah ya yalwata kabarinsa, a kan cinya yake kwantar da jitarsa, yana jan ƙarfen nan bisa tsirkiya har ta yi kuka kamar mutum. Da ƙiba ta yi masa yawa, tumbi ya tura jitar har bakin gwiwa, kiɗan ya gagare shi. Ni kuwa na riƙa tsokanarsa: "Kawu, tumbi ya kori jita!"

Sai ya bar cin shinkafar kabsa da shan shayi mai sukari. Kullum da asuba yakan tako daga unguwar Hindawiyya zuwa masallacin Harami, yana haki. Na ce ba zai jure ba.

Bayan wasu watanni, wata la'asar ya kira ni ɗakinsa. Jallabiya tana yawo a jikinsa, jitar ta zauna daram a kan cinyarsa. Da ya ja ƙarfen, sai ta yi kukan nan nata na da.

Ya ce, "Yalla, maza, ɗana, ina bakin naka?"

Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini."