Tokar da Ba Ni Na Zuba Ba

Shekarun baya, tun Nasara na mulkin ƙasar nan, maigidana ya tafi cin rani Kano ya bar mini lambunsa a fadamar Matameye. Ba wani babban lambu ba ne, kuɓewa ce da 'yar albasa, amma da shi muke miya, kuma aro mai gari ya ba su wurin tun zamanin mahaifinsa. Lokacin ina da ƙuruciya, ga baki, ga taurin kai, abin dai ba a cewa komai.

Kowa a fadamar ya san ana barbaɗa wa kuɓewa tokar murhu saboda ƙwari. Ni ma haka nake yi da sassafe, kafin raɓa ta bushe. Maƙwabcin lambuna, wani dattijo da ya daɗe yana kwaɗayin a haɗa masa wurinmu da nasa, kullum yana ganina da ƙwaryar tokata, bai taɓa cewa uffan ba.

Da sanyi ya shigo, sai kuɓewarsa ta fara fari. Daga ganyen ƙasa abin ya soma, ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa gari, kafin ka ce me ya hau sama, ganye ya yi rawaya yana zuba. Tasa tsohuwa ce, ya shuka ta cunkus a inuwar mangwaro. Tawa kuwa ƙarama ce, tana fili, ba abin da ya same ta. Ranar kasuwa, a gaban masu sayar da kayan miya, dattijon nan ya ɗaga murya ya ce ni nake zuba masa tokar asiri.

Maganar ta kai gaban mai gari. Ƙanen maigidana ya zo har gida yana lallashina. Ya ce, "Don Allah ki ba shi haƙuri kawai a wuce wurin. Mai gari ya ce in rigima ta ci gaba zai karɓe lambun ya ba wanda ba shi da fitina. Me za ki ce wa Yaya in ya dawo?"

Na ce, "In ba da haƙuri kenan na amsa ni ce. Wallahi ba zan ba da ba."

A zauren mai gari na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, albasarsa na nan tsakanin kuɓewar, ko ɗigo babu a jikinta. Wace irin toka ce mai zaɓen ganye?"

Dattijon ya ce, "Ai shi ne asirin, yarinya."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "To Baba, ka wanke ganyenka tas da hannunka. Ni zan tafi Kurni wurin yayana, daga wannan kasuwa har ta zagayo, ba ni ba wani ɗan gidanmu da zai taka fadamar. In farin ya dawo, sai ka faɗa mana hannun wa."

Sai da na fito na tuna cewa kuɓewa ba ta san wata rantsuwa ba, ruwa take so kullum. Na yi wa kaina tarko da bakina. Ƙanen maigidana ya ce zai riƙa zagawa a ɓoye ya ba ta ruwa, na ce ko guga ɗaya ya zuba ban yafe ba. A Kurni abinci ma ba ya shiga. Ba abin da nake gani sai 'yan shukokina suna langaɓewa.

Da na dawo, mai gari ya tura mutane muka je tare. Tawa ta bushe ƙamas. Tasa kuwa, wadda ya wanke da hannunsa, ta koma fari fat, har sabon ganye ya kamu. Mai gari ya ce magana ta ƙare, lambu namu ne. Dattijon ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "To, a yi haƙuri."

Na ce, "Baba, ba a nan ka faɗa ba."

Kasuwa na ci muka tsaya gaban masu kayan miyan nan. Ya yi ƙus-ƙus ya ce ba ni ba ce. Na ce, "Baba, waccan ranar har mahauta sun ji ka. Ɗaga dai." Ya kuwa ɗaga.

Sai bayan na tsufa jikana da ya yi lakwal, wato makarantar aikin gona, ya warware mini abin. Ya ce wata irin fumfuna ce mai rai, iska ke ɗaukar ƙwayarta, ba ta rayuwa sai a kan ɗanyen ganye. Tun fil azal kowace irinta ta saba da shukar da take ci, shi ya sa ta kuɓewa ba ruwanta da albasa. Na ce masa ashe ita ma tana da taurin kai.

Har yau in na tuna shukar nan da na bari ƙishi ya kashe, raina yana sosuwa, don ba ta yi mini laifin komai ba. Waccan shekarar miyar kuka muka sha har damina, maigidana kuma ya yi ta mita. Amma da za a mai da ni zauren nan gobe, zan sake barin ta ta bushe.