Tsumman Ɗan Fari

Mutanen Malumfashi likitan kashi suke ce masa. In baƙo ya gyara musu ya ce ai ƙashi ake cewa, sai su ce a'a, kashi dai, wanda ka sani. Daga Zariya yake zuwa sau ɗaya a mako, kuma hantar yara ce aikinsa. Duk jaririn da aka kai masa da shawara, wato idonsa ya yi rawaya, tambayarsa ta farko launin bayan gidan yaron ce. Har wani kwali yake da shi mai launi kala-kala, yana nuna wa mata su zaɓa. Mata suka mai da shi abin dariya a bakin rijiya, ni ma na yi tawa.

Shekarar da na haifi ɗan farina, maigidana yana aiki a injin gurzar auduga a Funtua, ni kuma na koma gidanmu a Dayi wanka. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke yi mini wankan jego, ita ke da iko da ni da jaririn. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in an tambayi lafiyarsa sai uwa ta sunkuyar da kai wani ya amsa. Ni kuwa na ƙware. In ana misalin kunya a unguwarmu da ni ake yi, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji.

Abu ɗaya ne ban bar wa kowa ba, wankin tsummansa. A bayan ɗaki nake yi, inda ba mai ganina, a nan nake sunsunar rigarsa son raina. Don haka ni kaɗai na san bayan gidansa ba irin na sauran jarirai ba ne. Fari ne, kamar an dama farar ƙasa. Na zaci ko nono ne ya yi masa yawa.

Muka yi arba'in rawayar idonsa ba ta washe ba. An jiƙa saiwar rawaya, an shanya shi a hantsi, shiru. Babana ya ce a kai shi asibiti. Muka hau mota ni da Gwaggo, ita ke goye da shi.

Likitan siriri ne, ɗan yankinmu da ya tashi a makarantar mishan, Hausarsa ta fi tawa. Ya buɗe idon yaron, ya danna cikinsa a hankali ta gefen dama, ya daɗe yana dannawa. Sannan ya ɗauko kwalin.

"Bayan gidansa wane iri ne a nan?"

"Irin na kowa," in ji Gwaggo. "Likita, shawara ce kawai. 'Ya'ya nawa na raina."

"Gwaggo, wa ke wanke masa tsumma?"

"A gidanmu ake wankewa."

Ya juyo ya dube ni. "Ke ce uwar?"

Na ja mayafi na rufe fuska. Ta ƙarƙashin mayafin ina ganin kwalin, ina ganin launin, na ƙarshe a layin ƙasa. Da ɗan yatsa kawai zan miƙa. Amma Gwaggo na gefena, ga benci cike da mata suna kallo, ga ni yarinyar da ake misali da ita. Ban miƙa ba.

Ya ce to, mu dawo mako mai zuwa, mu zo masa da tsumman da ba a wanke ba, kada mu wuce makon. A mota Gwaggo ta yi ta faɗa, wai tun da take ba ta taɓa jin an kai wa namiji kashin jariri tsaraba ba. Har direba ya yi dariya. Makon ya zo ana ta ɗibar auduga, aka kuma yi shirin mayar da ni ɗakina a Funtua. Maganar ta bi ruwa.

Yana wata biyar na koma asibitin, ni da maigidana. Cikin yaron ya kumbura, jijiyoyi sun fito masa, hannuwa kamar sillan kara, ya yi ta susar jikinsa har jini. Wannan karon ba a tambaye ni ba na kwance tsumman na ajiye a kan tebur. Likitan ya duba, ya cire tabarau. Ya ce mun san matsarmama, wadda ake cirewa in an yanka kaza. Akwai 'yar hanya da ruwanta ke bi daga hanta zuwa hanji, shi ke rina bayan gida. Ta yaron a toshe take, ruwan ya koma yana cin hantar. Akwai aikin da ake yi, amma sai jariri yana ɗanye, cikin watannin farko.

"Ran da muka zo fa?" na ce.

Bai yi mini ƙarya ba. "Da mun gwada. Ban ce lallai zai tashi ba, amma da mun gwada."

Ya rasu kafin ya cika shekara. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Mata suka yi ta cewa kai, yarinyar nan akwai kunya, akwai tawakkali. Ban taɓa tsanar yabo kamar na ranar ba. Ban riƙe Gwaggo ba, abin da ta tarar ta yi. Kaina na riƙe, har yau ban sake shi ba.

Bayan shekara takwas na kai 'yata ta uku asibitin nan da tari. Ina kan benci na ji muryarsa daga ɗakin gefe yana cewa, "Gwaggo, a ɗan jira a waje, zan gana da uwar." Wata tsohuwa ta fito tana ƙunƙuni. Da ya leƙo ya gan ni, ya tsaya. Furfura ta fito masa. Ya ce tun daga kanmu ya daina tambayar uwar fari a gaban manya, ya rubuta haka, yana koya wa ɗalibansa a Zariya. Ya ce an sami yaran da aka kama da wuri saboda haka. Na ce madalla. Na so in ji sanyi, ban ji ba.

Sai ya kira sunan yaron, cikakke, yadda aka raɗa masa. Ya ce, "Shi ne ko? Ban manta ba."

Benci cike yake da mata, kamar wancan karon. Na sauke mayafina.

"Shi ne," na ce. "Ɗana ne."

Ranar na fara faɗar haka a gaban mutane, yana da shekara takwas a ƙasa.