Ruwan Lena da Aka Shanye da Sunan Zamzam

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haladu, kuma har yau ban huce ba. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya karanta yana jiran kalaman sanyaya zuciya. Ba ni da ja da mutuwa, Allah ya ba mu shi, ya karɓi abinsa. Da rayayyu nake fushi, 'yan uwana Hausawan Riyad, waɗanda suka shanye aikin mutum sannan suka ƙaga masa tarihin da ba nasa ba.

Yaya Haladu a Rasha ya karanta ilimin ruwa tun yana saurayi. Nan kuma gwajin ruwan rijiyoyi yake yi wa wani kamfani. Ni nas ce, shi ya yi mini hanyar zuwa. Idan zafi ya tsananta kowa ya ɗauki hutu ya nufi Kano ko Maraɗi, shi sai ya ɗaure kaya ya yi arewa, can ƙarshen ƙasar Rasha inda koguna suke zubewa cikin tekun ƙanƙara. Yakan bi abokan karatunsa na dā masu bincike, su shiga jirgin ruwa su bi Lena, ko Yenisei, ko Kolima, suna ɗibar ruwa wuri wuri.

Ranar Juma'a a gidana na Nasiriya yake cin abinci, kuma da ya wanke hannu an shiga kogi ke nan. Ya ce kogunan nan arewa suke gudu, saboda haka mafarinsu ke riga narkewa alhali bakinsu yana daskare, sai ruwa ya taho ya rasa hanya ya haye gari, yana tura ƙanƙara mai girman ɗaki. Ya ce akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa, sai da agogo yake sallah. Sauron wurin kuwa, wai na fadamar garinmu ƙannensa ne. Yakan ba da labarin matafiyan dā da ƙanƙara ta riƙe wa jirgi, suka kwana biyu a wurin har dasashinsu ya ruɓe, haƙora suka zube. Yana tausaya musu. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce su suka gano kogin. Mutanen da suke kamun kifi a bakinsa tun kaka da kakanni fa? An goge sunan da suka sa masa, an liƙa na baƙo, kamar yadda aka so a yi wa kogin Kwara. A nan ne muryarsa take tashi.

Mutanenmu ba su taɓa sauraronsa ba. Haladu Ƙanƙara suke ce masa. Alhaji Tanimu, shugaban ƙungiyarmu, ya sha faɗa a gaban jama'a cewa mutum yana zaune kusa da Harami amma ya kwashi hutunsa ya kai wa waɗanda ko alƙibla ba su sani ba.

A gidansa akwai firji guda da ba a sa abinci. Fararen robobi ne jere a ciki, ruwan an tace shi garai-garai, kowace roba da takarda manne a jiki, an rubuta sunan kogi da inda aka ɗebo da rubutun Rashanci. Aikin rayuwarsa ke nan.

Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki. Aka yi jana'iza, kafilinsa, wato mai kamfanin da ya ba shi masauki, ya ce yana son gidan da gaggawa. Ina gidana da matarsa da 'yarsa Suhaila muna karɓar gaisuwa, maza suka tafi kwashe kaya. Suka buɗe firji. To wane gidan Bahaushe ne a ƙasar nan babu Zamzam a roba? Ba wanda ya tambaye mu. Alhaji Tanimu ya yanke cewa Zamzam ne, takardun kuma ragowar tsofaffin robobin magani ne, bai dace su zauna a jikin ruwa mai albarka ba. Aka ɓare su aka zubar. Ranar addu'ar uku, a istiraha, gidan taron da aka kama haya, aka raba wa jama'a sadaka. Manyan mutane, har da masu digiri, suka fuskanci alƙibla suka kwankwaɗe. Wani ya ce ya ji ɗanɗanon ya bambanta, aka ce masa ai na asali dama yana da nauyi a baki.

Da na ga robobin nan tsirara a hannun mata, sai na gane su. A take na je na samu Alhaji na faɗa masa abin da suka sha. Ya dube ni ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, ki rufa mana asiri. An riga an sha da niyya. Wasu ma sun ajiye za su aika wa iyayensu marasa lafiya a gida."

Ban rufa ba. Na faɗa wa duk wanda na gani. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu a gari cewa rasuwar ta taɓa mini kai. Tun daga nan, duk shekara a taron ƙungiya Alhaji sai ya tashi ya ba da labarin bawan Allah mai ɓoye ibada, wanda aka tarar da firjinsa cike da Zamzam. Mutanen da suka yi masa dariya yana raye su ke share hawaye. Yayana yana sallah, yana azumi, ya yi Hajji. Ba ya bukatar ƙaryar kowa ta kai shi Aljanna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jirgin ƙasa yana ratsa Riyad, Suhaila ta zama budurwa, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Can kuma ƙasar da ta daskare tun fil azal tana narkewa, gaɓar koguna tana ruftawa. Na san wannan zai hana shi cin abinci. Batun Zamzam kuwa wataƙila dariya zai yi, don ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

Roba ɗaya ta tsira. Daga tafiyarsa ta ƙarshe ya ajiye ta a firjina saboda nasa ya cika, da takardarta a jiki: Lena, kusa da inda take shiga teku. Kwanan baya wani tsohon abokin tafiyarsa ya nemo Suhaila a waya. Ya ce gaɓar da aka ɗebo ruwan nan ta rufta, wurin ma babu shi, kuma suna neman ruwan wancan lokacin su gwada da na yanzu.

Cikin makon nan sai ga Hajiya Laure, matar Alhaji Tanimu. Ƙoda ta kwantar da shi, na san ciwon, wallahi na tausaya. Amma ta zo ne don ta ji akwai sauran Zamzam ɗin marigayi. Na shiga ciki na ɗauko mata jarkar Zamzam na gaskiya, sabuwa, ko buɗewa ba a yi ba. Ta kalle ta ta kau da kai.

"Wannan ai kowa yana da shi. Na Malam Haladu muke so."

Na ce, "Hajiya, na Haladu ruwan kogi ne. Na faɗa shekara tara. Ba zan ba ku ku shanye na ƙarshe ba."

Ta tashi ta bar jarkar a tsakar ɗaki. Yanzu maganar da ke yawo ita ce na hana marar lafiya ruwa, kuma an daina kirana walima. To, a daina. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya tashi da ƙafarsa, ya tsaya inda ya saba tsayawa ya faɗi abin da ke cikin firjin nan.

A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Idan na je maƙabarta ma ba zan iya nuna nasa ba. Abin da ya rage na Haladu da ba a goge ba shi ne takardar nan mai rubutun hannunsa. Ni da Suhaila muka naɗe robar muka aika, kuma kafin mu rufe kwalin na sa ta ƙara tef a kan takardar, kada ta ɓare a hanya.