Ƙarar da Ke Bayan Muryar Harira

Yusha'u, mai gyaran rediyon mota a Unguwar Sarki, yana satar kallon dattijon da ya kawo masa aiki. Kaftaninsa ya sha guga, amma maɓalli ɗaya na lilo, da alama ba mai ɗinke masa. Dattijon ya riga ya sa sababbin lasifikoki a motarsa, amma wai har yanzu wani "shuuu" na hana shi jin tsohon saƙon muryar marigayiya matarsa Harira.

Yusha'u ya kashe inji, ya sake ɗaure wayoyi, ƙarar tana nan. Da ya kunna wani saƙon, sai ta ɗauke.

"Baba, ba daga mota ba ne, a cikin saƙon take. Kamar ana suya."

Dattijon ya lumshe ido. "Ƙosai take soya mini. Ƙaro sautin, ɗana."