Mai Bijimi Ranar Wasan Jirage

Jiragen soja suna ratsa samaniyar Kumasi, suna wulƙitawa, suna feso hayaƙi ja da ruwan ɗorawa da kore. Mutanen unguwar Moshi Zango sun ɗaga kai suna ta tafi. Wani dogon mutum mai malafa, da tabon ƙuna tun daga kunne har wuya, ko ɗaga ido bai yi ba. Hankalinsa na kan bijimin da yake ja.

Ƙarar ta sake tsagowa, bijimin ya fizge igiya, ya yi fatali da teburin mai koko, ya nufi jama'a. Mutumin ya sha gabansa, ya cafki ƙaho, ya cusa yatsu a hancinsa, ya murɗe masa wuya, suka zube tare cikin kwata. Ƙaho ya farke masa damtse, jini na bin rigarsa, amma bai saki ba. Da alama can arewa ya samo tabon ƙunar nan, inda ake kiwo ana sauraron sama don tsoron jiragen yaƙi.

Wani makanike ya matso ya ce, "Sannu Baba. Wasa ne fa sojojin ke yi."

Yana haki, gwiwarsa a wuyan bijimin, ya ce, "Irinsu sun taɓa zuwa rugarmu. Ranar ba wanda ya rage da zai yi musu tafi."