Zanen Iya Mai Sheƙi

A gidanmu na Ƙofar Guga, idan sanyi ya shigo, kakarmu Iya ba ta barin garwashin tuwo ya mutu a banza. Da an idar da sallar Magariba sai ta sa a kwaso shi cikin kasko a kai ƙofar ɗakinta, ta lulluɓa da baƙin zanenta na shuni wanda ya sha bugu, mu jikoki mu kewaye ta. Har yau da na tsufa, na ajiye alli bayan shekaru ina koyar da kimiyya, ina ganin yadda jan wutar nan ke gudu a kan zanen duk sa'ad da ta motsa kafaɗa.

Wurin da ke jikin gwiwarta na Sada ne, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Na fi shi karatu, na fi shi tsabta, ni kuma aka zaɓa aka sa makarantar boko. Amma shi take kira maigidanta, shi take rufa wa gefen zanen, ni kuwa sai "Malam". Sada ba ya riƙe komai. In ta ba shi gyaɗa ya raba, in ta zolaye shi ya rama da dariya. Ni nakan ɓoye tawa a aljihu, in koma gefe ina kallonsu.

Wata rana na ture shi daga wurin, har ya kusa faɗawa kan kaskon. Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara zama, ta ce ga tatsuniya nan tafe, mu ba ta hanya.

Wai ƙyallaye biyu ne aka saƙa rana ɗaya, aka tsoma su rami ɗaya a marina, suka fito baƙi wuluk. Da za a kai su wurin masu bugu, ɗaya ya ji ƙarar guduma, ya zame ya ɓuya bayan tulu. Ɗayan ya kwanta kan gungume ya sha duka har fuskarsa ta yi sumul. Ranar kasuwa aka shimfiɗa su tare. Wanda ya sha bugu yana ta walƙiya, kowa ya zo sai ya shafa shi. Ɗan'uwansa ba mai dubansa, sai zafi yake ɗauka. Ya kai ƙara wurin Rana, ya ce ta yi son kai, ta ba wancan haske ta hana shi. A nan Iya ta kaurara murya ta zama Rana: "Ni ban auna ma kowa da ƙaramin mudu ba. Shi abin da na ba shi maidowa yake, kai ko haɗiyewa kake. To, mi za a gani jikinka?"

Yara suka yi dariya, Sada ya fi kowa, bai ma san da wa ake ba. Ni na sani. Na ce mata ai an faɗa mana a makaranta rana ba ta magana. Ta dube ni ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Matso ka ji wuta, hannunka ya yi sanyi." Ban matsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na yi nisa a karatu sai na tarar tsohuwar ba ta yi kuskure ba. Shuni yana shanye wani sashe na hasken da ya sauka a kansa, ya maido da sauran. Idan fuskar yadi ta yi kaushi, ɗan abin da ya dawo watsuwa yake yi. Idan bugu ya kwantar da zaren, sai ya dawo gaba ɗaya ya shiga idon mai kallo. Wanda aka shanye kuwa ba ya ɓata, zafi yake komawa. Na koyar da wannan ga ɗalibai masu yawa, ban taɓa ambatar inda na fara jin sa ba.

Da Iya ta rasu, Sada ta bar wa zanen. Ya zama tela, ƙofar shagonsa ba ta rabuwa da jama'a. Ni kuwa ana girmama ni, ana gaishe ni daga nesa.

Kwanan baya sai ga shi da sanda, yanar ido ta rufe masa gani. Bayan mun gaisa mun tambayi iyali, ya miƙo mini ƙunshi, zanen Iya a ciki. "Malam, riƙe zanen matata," in ji shi. "Ni yanzu ba ni ganin sheƙi, gara shi zauna wurin mai ido."

Tun ina yaro nake jiran zanen nan, ya ba ni shi kamar yadda yake raba gyaɗa. Na yi godiya kamar yadda ya kamata, amma a raina na ji ko a nan ma ya fi ni. Da ya tafi na shimfiɗa shi a tsakar gida. Shekaru sun tayar da zaren, sheƙin ya tafi, Sada bai sani ba. Na tsaya a kansa cikin rana, babu abin da ya dawo idona. Na ɗora tafin hannu, na ji zafi.