Ma'aunin Ruwan Gidan Ƙirya

Shekaru sun ja, kuma littafin da na rubuta lokutan tafiyar gara ta taɓa shi, don haka mai yiwuwa na sauya wasu abubuwa ba da niyya ba. A lokacin kuɗin mai sun shigo, amma tsoron farin da aka sha bai bar zukatan mutane ba. Ni sabon ma'aikaci ne a ofishin gona, aikina tattara rahoton ruwan sama daga ƙauyuka, in faɗi yadda mako mai zuwa zai kasance. Da sa hannuna ake aika irin gyaɗa. Kowane ƙauye ya nuna an yi ruwa, sai Gidan Ƙirya: sifiri, kwana ashirin a jere. In gaskiya ne, ba za a kai masu iri ba. Ni kuwa na yi zargin ana ɓoye ruwan ne don a ci gaba da samun hatsin agaji.

Litinin: Katsina zuwa mararraba

Na fito daga gidanmu a Ƙofar Ƙwaya bayan sallar asuba, wajen biyar da rabi. A Ƙofar Guga na sami a-kori-kura cike da siminti da kwanon rufi, kwabo sittin kujerar gaba. Sama tana da siraran gajimare can ƙoli, kamar an shafa alli, irin waɗanda ba su ɗauke da ko ɗigo.

Direban, Alhaji Mamman, ya dube ni ina leƙe ta taga.

"Malam, mi kake nema a sama? Ko ka yi ajiya?"

Na gaya masa aikina.

"To, za a yi ruwa jibi?"

Na ce akwai yiwuwar haka, ko da yake ba lalle ba ne.

"Shekara nawa ka yi kana karanta wannan? Ai tsohuwata ma ta san shi!"

A mil goma sha biyu aka tsayar da mu a shinge. 'Yan sanda suka ɗaga kwalbar awon ruwa da ke jakata, suka shinshina, suka mayar. Na sauka a mararraba ƙarfe takwas saura kwata.

Gidan Ƙirya

Mil shida a bayan babur. Tun a hanya hankalina ya ƙi kwanciya: ƙasa ta yi duhu, ciyawa ta fara tsiro. Na sa mai babur ya tsaya, na tona gefen wata gona. Laima har wuyan hannu. Na ce a raina, yau na kama su.

Mai kula da ma'aunin ruwan sama na garin shi ne Saje Lawal, tsohon soja. Ya tarbe ni da gaisuwa mai tsawo da fura mai sanyi. Har furar sai da na yi wa kallon toshiyar baki, Allah Ya yafe mini.

"Saje, an yi ruwa a garin nan?"

"Sau uku, ranka shi daɗe. Na Juma'a har katangar liman ya kayar."

"To me ya sa kake rubuta sifiri?"

"Abin da na gani a ciki shi nake rubutawa. Ban taɓa ƙarya a takardar gwamnati ba."

Na nemi ganin ma'aunin. Ya kai ni fili, ga shi a kan dakalinsa, tagullar tana ƙyalli, an goge ta da toka da tsamiya. Na duba, babu huda. Na rasa ta inda zan kama shi, sai na ce zan kwana.

Wajen la'asar gajimaren da suka wuni tsibi-tsibi kamar tarin auduga suka fara hawa kan juna ta gabas, gindinsu ya yi baƙi, kansu ya baje. Hadari ke nan. Iska na tasowa sai ga Saje a guje, ya sunkuci ma'aunin, ya rufa masa rigarsa, ya nufi ɗaki.

"Saje! Ina za ka kai shi?"

"Ciki mana! Ranar da aka ba ni shi, an ce in ya lalace ni zan amsa. In bar kayan gwamnati ruwa shi dake shi?"

Muna tsaye a zaure aka yi ruwan, kusan awa ɗaya. Na yi masa bayani sau biyu. Sannan ya ce, "Ashe an yi shi ne don shi jiƙe." Ni ma na ji kunyar abin da na zo da shi a zuciyata, ban dai faɗa masa ba.

Talata: komawa

Na kwana a zaurensa, aka ba ni tuwon gero da miyar kuka. Da safe na kama motar ƙarfe tara, na shiga Katsina sha ɗaya da rabi, na wuce ofis ban ko sauya riga ba. Na rubuta cewa ƙasa ta jiƙu, kuma bisa ga alamu za a sami ruwa sau biyu ko uku cikin makon, ko da yake sani na Allah ne. Na sa hannu. Ran Alhamis motar iri ta tafi, ran Asabar suka shuka.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Saje da iyalinsa. Wanda ya shaida wannan, musamman mutanen Gidan Ƙirya, in ya ga inda na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara.